Darasi na 14: Jinyar Mai Barin Ƙwaya a Cikin Gida

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Watari a 1980, manomin ƙasar Bagwai ya rabu da dogon hutun rani. Ana gama kai amfanin damina gida sai a juya ga fadama: dashen shinkafa, ban-ruwan tumatir da albasa, ɗiba, dakon kwanduna zuwa bakin hanya. Alheri ne mai yawa, amma baya da gwiwa ne suke ɗaukar nauyinsa. Ta wannan ƙofa ta gajiya ƙwaya ta fi samun hanyar shiga ƙauye. Ɗan ƙwadago yakan ji daga bakin aboki cewa in ya haɗiyi tiramol guda zai wuni a sunkuye bai ji komai ba. Ya gwada, ya tarar haka ne. Kafin kaka ta zagayo guda ta daina isarsa, biyu ma sun daina, ranar da bai samu ba kuwa ko tashi daga tabarma sai ya gagare shi.

Darasinmu na yau a kan waccan ranar yake, da kwanakin da ke biye mata. Ko mutum ne ya yi niyyar bari don kansa, ko iyaye ne suka tsaya kai da fata, ko kuwa kayan ne suka yi wuyar samu, jiki zai shiga wani ciwo da za mu kira ciwon yaye. Asibiti ne inda ya fi dacewa a yi wannan jinya, babu musu a nan. Sai dai gadajen asibiti kaɗan ne, kuɗin mota da na magani ba kowa ke da su ba, kunya kuma tana hana mutane da yawa fita. Shi ya sa mafi yawan wannan jinya a soro da ɗakin uwa ake yin ta. Tun da haka abin yake, gara a yi ta da sani.

Waɗanne ƙwayoyi ake nufi?

Ba kowane abin maye darasin nan ya shafa ba. Wiwi da sholisho da gadagi kowanne da hanyarsa. Namu su ne dangin ofiyom. Asalinsu wani ƙaro ne da ake tsagowa daga ƙwallon wani fure da ake nomawa a ƙasashe irin su Afganistan da Myanmar. Daga ƙaron ake fitar da mofin da kodin, daga mofin kuma ake sarrafa heroyin, wadda wasu ke zuƙar hayaƙinta wasu ke yin allurarta. Sauran a masana'anta ake haɗa su, amma aikinsu a jiki iri ɗaya ne: tiramadol, wadda muka fi sani da tiramol, da allurar fentazosin da ake ce wa fenta, da tafentadol. Dukkansu da sunan magani suka shigo duniya. Heroyin kanta, kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayar da ita a 1898 a matsayin maganin tari. Har gobe likita na rubuta mofin ko tiramol ga wanda ya karye ko aka yi wa tiyata ko mai ciwon daji, kuma babu laifi a ciki.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya gano mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi shaye-shaye a cikin shekara guda. Miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan dangin ofiyom suka sha ba da izinin likita ba, akasari tiramol. Masu shan ruwan maganin tari miliyan 2.4 ne, masu heroyin kuwa kimanin 87,000. A jihar Kano kaɗai an ƙiyasta masu shaye-shaye sun haura miliyan ɗaya. Kun ga ke nan a wajenmu heroyin ba ita ce babbar matsala ba, ƙwaya da kwalbar maganin tari ne. Kuma a cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye, ɗaya mace ce. Wannan abu ne da gidaje da yawa ba sa son ji.

A farkon Mayun 2018, bayan wani rahoton bincike na BBC, gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da ruwan maganin tari mai kodin. Kwalba ta yi tsada, amma ƙwaya ba ta ƙare ba. Tiramol ɗin da hukuma ta yarda da ita mai miligiram 50 ce da mai 100. Wadda ake sayarwa a ɓoye kuwa takan kai 200 ko 225 ko 250. Likita ba ya bai wa babban mutum fiye da 400 a wuni, saboda haka wanda ya haɗiyi mai 225 guda biyu ya riga ya tsallake iyaka. A Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya sake tona yadda ake haɗa tafentadol da wani maganin saki jijiya a Indiya ana turowa Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol, har gwamnatin Indiya ta haramta haɗin. Abin lura a nan: wanda ya sayi ƙwaya a hannun ɗan tebur bai san haƙiƙanin abin da ke cikinta ba, mai jinyarsa ma bai sani ba.

Abin da ke faruwa a jiki

Allah ya halicci jikinmu da nasa sinadarin rage zafi, kuma akwai gurabe a ƙwaƙwalwa da laka da hanji da wannan sinadari ke sauka. Dangin ofiyom a waɗannan guraben suke sauka, amma da ƙarfin da ya ninka na halitta. Sai ciwo ya ɗauke, jiki ya mutu, numfashi ya yi sanyi, bayan gida ya ɗaure, baƙin ido ya tsuke. In abin ya zama kullum, jiki yakan rage haɗa nasa sinadarin, ya kuma ƙara wa jijiyoyin farkawa ƙarfi don kada a danne shi gaba ɗaya. Wannan ne dalilin da guda ke daina isa. Ranar da aka janye ƙwayar kuwa, jijiyoyin nan da suka saba tunkuɗa nauyi sai su tarar babu abin da ke danne su, komai ya juye. Mai ɗaurewar ciki ya koma gudawa, mai gyangyaɗi ya koma rashin barci, ido ya buɗe, hanci da ido su yi ta zuba.

Ga mai heroyin, ciwon yakan fara tsakanin awa 8 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe. Na tiramol da kodin kusan haka ne, ko da yake yakan ɗan jinkirta. Farkonsa hamma ce ba ƙaƙƙautawa, da majina, da hawaye, da gumi, da tashin tsikar jiki. A rana ta biyu da ta uku abin ke kai maƙura: murɗawar ciki, amai, zawo, ciwon ƙashi da gaɓoɓi, zafi da sanyi suna karɓeɓeniya, ƙafafu sun ƙi zama wuri ɗaya. Daga nan sai ya fara sauka, mafi yawa tsakanin kwana 4 zuwa 10 ya lafa. Mai jinya ya riƙe wannan lissafi, ya kuma riƙa faɗa wa mara lafiya, domin wanda ya san wahalarsa na da iyaka ya fi iya daurewa.

Tiramol tana da nata ƙarin. Ban da aikin ofiyom, tana taɓa sinadaran da ke riƙe da natsuwar zuciya. Saboda haka wasu masu barinta sukan gamu da firgita mai tsanani, da ruɗewa, da jin kamar kiyashi na yawo a fata, wani har ya ji murya ko ya ga abin da babu shi. A nan ne gida kan ce iska ce ko sammu. A yi addu'a, a yi tofi, babu mai hanawa, amma a sani wannan alama sananniya ce a wajen likitoci, kuma alama ce ta a tafi asibiti.

Duk wannan ciwo ne na gaske. Ba raki ba ne, ba kuma taurin kai ba. Uban da ya gane haka ya gama rabin aikin jinya.

Wanda ba a yi wa jinyar nan a gida

Mai ƙoshin lafiya, in an kula da ruwan jikinsa, ciwon yaye ba ya yawan kashe shi. Amma akwai waɗanda gida bai isa ya riƙe su ba, kuma a kan wannan babu sassauci.

Ta farko ita ce mace mai ciki. In ta yanke kodin ko tiramol lokaci guda, cikin na iya zubewa ko ta haihu bakwaini. Ta je wajen awo ta keɓe da nas ta faɗa mata gaskiya. Jaririn da aka haifa uwarsa na sha ma yakan yi nasa ciwon yayen, da kuka mai tsini da rawar jiki da ƙin kama nono, kuma asibiti ne wurinsa. Mai shayarwa kuma ta sani ƙwayoyin nan suna bin nono su sa jariri barcin da ya wuce ƙima.

Na biyu shi ne wanda ke haɗa ƙwayarsa da maganin barci, irin su baliyam da roci, ko kuwa mai shan barasa kullum. Yanke waɗannan lokaci guda yana kawo jijjiga da gushewar hankali, kuma yana kisa. Matasa da yawa ba abu ɗaya suke sha ba, shi ya sa tambayar farko ba "nawa kake sha?" ba ce kaɗai, har da "me da me?"

Sai mai farfaɗiya ko wanda ya taɓa jijjiga, da mai sikila da ya saba da fenta, da mai ciwon suga ko na zuciya ko na ƙoda, da tsoho, da yaro ƙarami, da mai taɓin hankali, da duk wanda ya taɓa furta cewa ya gaji da rayuwa.

Ga mutumin Gadanya ko Rimin Dako ko Badau, matakin farko shi ne asibitin sha-ka-tafi na kusa, sai babban asibitin Bichi. A kan hanyar shiga Kano daga Bichi akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, a cikin birni kuma akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Zuwa Dawanau ba shaidar hauka ba ce. Can ne likitocin da suka karanci shaye-shaye suke. Hukumar NDLEA ma, wadda aka kafa a 1989, ba kamu kaɗai take yi ba, tana da sashen ba da shawara, kuma a 2022 ta buɗe layin waya na kyauta mai lamba 0800 1020 3040.

Shiri kafin a fara

Ko da za a yi jinyar a gida, a fara ganin ma'aikacin lafiya, a kuma tafi da fankon ƙwayar ko kwalbar a nuna masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zai auna jini, ya duba zazzaɓin cizon sauro, ya ga ko akwai wata cutar da ta kai mutum ga sha tun farko. Ga wanda ya daɗe yana shan tiramol mai yawa, likitoci sun fi son a riƙa rage adadin sannu a hankali cikin makonni, da maganin asibiti da aka san nauyinsa, maimakon a yanke dare ɗaya. Yadda za a rage aikin likita ne, ba na mai kemis ba, ba kuma na aboki ba.

A zaɓi lokaci. Kada a fara ana tsakiyar dashe ko ɗibar tumatir, domin kwana biyu aikin zai kira shi, gajiyar ta mayar da shi. A samu wanda zai riƙe masa ban-ruwa na mako biyu. In da hali a kauce wa tsananin zafin bazara, lokacin da gumi kaɗai ya isa ya ƙarar da ruwan jiki. Mutane da yawa sukan ɗaura niyyar bari a watan azumi, kuma niyya ce mai kyau. Amma wanda ke amai da zawo mara lafiya ne, addini ya yi masa rangwame ya sha ya rama daga baya. A tambayi malami a ji. Abin da ya fi shi ne a yi makon wahalar tun cikin Sha'aban.

A gyara ɗaki mai iska kusa da banɗaki, da bokiti, da bargo, da tufafin canji. A kwashe duk sauran ƙwaya. Akwai kuma abin da ya shafi gidan manomi musamman: fiya-fiya da maganin feshi da maganin ɓera. A fitar da su daga gidan gaba ɗaya, a kai gidan ɗan'uwa a kulle. Ƙuncin zuciyar da ke zuwa a waɗannan kwanaki yana iya sa mutum ya yi abin da ba halinsa ba cikin minti ɗaya. Mukullin babur ma a karɓa, kuma kada ya je bakin dam ko kwata ko rijiya shi kaɗai.

Masu jinya su zama aƙalla biyu, su riƙa karɓar juna, don dare ne ya fi tsanani. A zaɓi wanda mara lafiya ke sakewa da shi, ko kawu ne ko yaya ko gwaggo. Kuma a nemi yardarsa kafin a fara. Ga misalin yadda maganar za ta iya kasancewa:

"Zo nan zauna, ɗana. Na san abin da ke damunka, ba kuma faɗa na kira ka in yi maka ba."

"Baba, na sha gwadawa. Kwana biyu nake yi in ji kamar ƙasusuwana za su tsage."

"Malamin asibiti ya ce kwana na biyu da na uku ne masu wuya, daga nan sauƙi ne. Kawunka zai riƙe maka gonar. Ni da yayanka muna nan tare da kai. Yaushe kake ganin za ka iya farawa?"

Ku lura uban bai yanke ranar ba, ya bar wa yaron.

Makon jinya

In aka ce a zaɓi abu ɗaya tak daga darasin nan, to ruwa ne. Waɗanda suka rasu a wannan ciwo, mafi yawa amai da zawo ne suka ƙarar da ruwan jikinsu ba mai lura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciwon yaye ya sha lita 2 zuwa 3 a wuni. Ledar fiyawota rabin lita ce, ke nan leda huɗu zuwa shida, a ƙara in ana zafi. In zawo ya fara, a haɗa ruwan gishiri da sukari: a juye ƙullin ORS guda cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu ƙullin, a sa ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe, da rabin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishiri da nufin ya fi ƙarfi, cutarwa yake yi. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Mai amai kada a ɗura masa kofi guda. Kurɓi-kurɓi ake ba shi, in ya amayar a jira minti goma a ci gaba.

Abinci mai sauƙi, kaɗan-kaɗan: koko, kunu, fate, romo mara yaji, ayaba, kankana. In ya ƙi ci kwana ɗaya ko biyu ba abin tashin hankali ba ne muddin yana sha. A rage shayi mai kauri da goro da lemon ƙarin kuzari, musamman da yamma.

Ciwon jiki a tare shi da farasitamol, ƙwaya biyu masu miligiram 500, kada a wuce sau huɗu a wuni, da tazarar aƙalla awa huɗu. Ibufurofen ma na taimakawa, amma bayan an ci abinci, kuma ban da mai gyambon ciki ko wanda ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Maganin tsayar da zawo da ake kira lofaramid a sha shi daidai yadda aka rubuta a kwali. Wuce haka yana rikita bugun zuciya har ya tsayar da ita. Maganin amai a bar wa ma'aikacin lafiya ya zaɓa. Wanka da ruwan ɗumi, da gasa ƙafa da tsumma mai zafi, da tausa, da ɗan zagaya tsakar gida, duk suna rage raɗaɗi fiye da yadda ake zato.

Babban kuskuren da ake yi shi ne a ruga kemis a ce a ba da abin da zai sa shi barci. Baliyam da roci da makamantansu sabon kamu ne, wani ma ya fi na farkon wuyar saki. In kuma aka haɗa maganin barci da ƙwaya, numfashi na iya tsayawa cikin barcin. Haka nan jiƙe-jiƙen wankin ciki da ake cewa suna fitar da dattin ƙwaya: mutumin da ke zawo ba ya buƙatar abin da zai ƙara masa zawo. Rashin barci zai ɗauki kwanaki, a zauna da shi, a kunna masa karatun Alƙur'ani ko rediyo, a yi hira in yana so, a yi shiru in ba ya so. Zai yi faɗa, zai yi roƙo, wataƙila ya zagi wanda bai taɓa ɗaga wa ido ba. Kada a rama, kada kuma a riƙe.

A bar komai a nufi asibiti in ya kasa riƙe ko kurɓin ruwa, ko ya yi awa takwas bai yi fitsari ba, ko idanu sun faɗa harshe ya bushe jiri na kayar da shi. Haka in an ga jini a amai ko bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko ciwon ƙirji, ko ruɗewa, ko ya fara zancen kashe kansa. Zawo mai kama da ruwan shinkafa kuwa, a yi zaton kwalara. In jijjiga ta kama shi, a janye abin da zai buge, a tallafi kansa, in ta lafa a kwantar da shi a gefensa. Ba a cusa cokali a baki, ba a turara hayaƙi, ba a ɗura ruwa.

Maganar mari

Dole mu tsaya a nan. Iyaye da yawa da suka ɗaure ɗansu ko suka kai shi gidan mari ba ƙiyayya ce ta sa su ba, rasa yadda za su yi ne. Amma a Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, bayan 'yan makonni kuma aka samu irinsa a Daura. A Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa mara lafiya haƙƙin kada a azabtar da shi ko a wulaƙanta shi.

Ko a ajiye doka gefe, mari ba ya magani. Mutumin da aka kulle yana amai da zawo ba mai ba shi ruwa, shi ne wanda ciwon yaye ke kashewa. Wanda ya fito da rai kuma ya fito da abu biyu: ƙullaci, da jikin da ya manta ƙwaya. Na biyun ya fi haɗari, ga dalili.

Bayan an miƙe

Ranar da ya ci tuwo ya yi wanka ya fita masallaci, gida yakan ɗauka an gama. A nan ne ni nake ganin jinyar gaskiya ke farawa. Kasala da rashin barci da baƙin ciki da kwaɗayin ƙwayar suna iya jan makonni, wani har wata shida. A daidai wannan lokaci juriyar da jiki ya tara ta riga ta zube. Wanda da yake haɗiyar huɗu ya tafi gona, yau in ya koma wa huɗun nan suna iya tsayar masa da numfashi. Shi ya sa a ko'ina a duniya ake yawan rasa mutane a makonnin farko bayan fitowarsu daga kurkuku ko gidan gyaran hali. A faɗa masa wannan ƙarara tun yana kwance, ba don an ba shi izinin komawa ba, sai don ransa ya fi komai.

Kowa a gidan ya san alamun wanda ƙwaya ta yi wa yawa: an tashe shi ya ƙi tashi, baƙin idonsa ya tsuke ƙwarai, numfashi jefi-jefi ko wani irin minshari mai gurnani, leɓe da farce sun sauya launi. Kada a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. Kada a ɗura masa madara ko manja, shaƙe shi za su yi. A kwantar da shi a gefe, a ɗaga haɓarsa, a nemi mota nan take. In numfashi ya tsaya, a mayar da shi rigingine, a toshe hancinsa a hura masa iska baki da baki, sau ɗaya duk daƙiƙa biyar. Akwai allura mai suna naloksan da ke karya aikin dangin ofiyom cikin mintuna kaɗan, amma ƙarfinta ba ya daɗewa, saboda haka ko ya farfaɗo sai ya zauna a asibiti.

Komawa bayan bari abu ne da ke faruwa da mutane da yawa, ba kuma shi ne ƙarshen zance ba. Ga wanda ya yi ta faɗuwa, musamman mai heroyin ko mai allura, akwai magunguna biyu, metadon da bufurenofin, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna tun 2005. Likita ke ba da su kullum da awo, su kashe kwaɗayin ba tare da maye ba, kuma an tabbatar suna rage mace-mace fiye da yankewa kawai. A tambayi likitan ƙwaƙwalwa ko ana samunsu. Duk wanda ya taɓa yin allura kuma a gwada shi cutar ƙanjamau da ciwon hanta.

Sai abin da ya kai shi tun farko. In ciwon baya ne ko haƙori ko sikila, a nemi maganinsa na gaskiya. In aiki ne, ya koma da rabin wuni, a kuma daina auna shi da abin da yake yi lokacin da ƙwaya ke ɓoye masa gajiya. Wancan ba ƙarfinsa ba ne. Mai gonar da ke saya wa 'yan ƙwadago ƙwaya don aiki ya yi sauri, ya ji tsoron Allah. In bashin mai sayarwa na kansa, wani babba ya je ya biya don a yanke hulɗar. In majalisa ce, a samar masa wata. Matar aure da ta faɗa wa kwalba kuwa, sau da yawa kaɗaici ne ko baƙin cikin da ba ta da wanda za ta faɗa wa, kuma tsoron saki ne ke sa ta ɓoye har abin ya yi nisa. Maigida da ya gano, ya fara nemo uwarta ko yayarta su zauna da ita, ya kai ta ga ma'aikaciyar lafiya mace, ya kuma rufa mata asiri.

Aikin gida

Ku rabu uku-uku bisa ga unguwanninku. A aji na gaba kowane rukuni zai haɗa ruwan gishiri da sukari a gabanmu da ledar ruwa biyu da cokalin shayi, ɗaya kuma ya kwanta sauran su nuna yadda ake juya wanda ya suma zuwa gefensa. Kafin nan ku je asibitin da ya fi kusa da ku ku tambayi ma'aikacin: ƙarfe nawa suke rufewa, wa ake nema da dare, suna yin ƙarin ruwa, suna da naloksan, in kuma babu ina ne mafi kusa da ake samu. Ku nemo mai mota ko mai babur mai ƙafa uku a unguwarku da zai yarda a tashe shi tsakar dare, ku ji nawa yake karɓa zuwa Bichi, nawa zuwa Dawanau. Za mu rubuta amsoshin a allo kowa ya kwafa a bangon littafinsa.